T-55 ta roba: yadda za ka mai da ita tankar Libiya ta yaƙin Cadi na 1987

"Assalamu alaikum Yaya. Wana da ke Faransa ya aiko min kwalin tankar roba ta haɗawa, T-55A ta kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/35. Ni kuma ba ta Rasha nike so ba, so nike ta zama irin ta Libiya da ƴan Cadi suka kama a yaƙin 1987, don kawuna direban babbar mota ne, ya sha ba mu labarin yadda yake ganinsu zube cikin hamada. Mi zan sake, mi zan ƙara? Kuma nan Maradi babu shagon kayan ga, ƙananan ƙarafan da nike gani a YouTube ban san inda zan same su ba. Ko in haɗa ta kawai in shafa mata fenti ruwan ƙasa?" Daga wani ƙane, unguwar Zariya, Maradi.

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka tambayarka biyu ce a haɗe, mi ya raba abin da ke cikin kwali da tankar da ta shiga arewacin Cadi, sannan da mi za ka yi gyaran tunda babu mai saida kayan a garin ga. Ta biyun ita ce mai sauƙi, kar ta hana ka kwana. Ta farkon ce ke kada mutane. Zancen ka haɗa ka shafa fenti kawai ba laifi ba ne, za ka samu abu mai kyau bisa tebur, amma wanda ya san tankoki kallo ɗaya zai yi mata ya ce wagga ba ta taɓa zuwa garin Fada na arewacin Cadi ba. Abin da ke cikin kwali kamar kaftanin kanti ne, an ɗinka shi don ya shiga kowa, shi ya sa ba ya zama daidai jikin kowa sai tela ya taɓa shi.

Bari in fara da yaƙin kaɗan don shi ne zai gaya maka abin da za ka nema. Rikicin Libiya da Cadi ya daɗe, tushensa zirin Awzu, wanda kotun duniya ta ba Cadi daga baya a 1994. Shekarar da kake magana ita ce ta ƙarshe mai zafi. Ranar 2 ga Janairun 1987 sojojin Hissène Habré, shugaban Cadi na lokacin, ƙarƙashin kwamandansu Hassan Djamous suka faɗa ma Fada cikin yankin Ennedi da motocin Toyota ɗauke da makaman MILAN masu fasa tanka da Faransa ta ba su, a watan Maris kuma babban sansanin Libiyawa na Wadi Dum ya faɗi, nan aka kama kwamandan Libiya Khalifa Haftar, a Satumba ƴan Cadi suka kai hari har sansanin Ma'atan Sara cikin Libiya kanta kafin a tsagaita wuta. Tankokin da Gaddafi ya tura can ba iri ɗaya ba ne, akwai T-54 akwai T-55, kuma Libiya tana da T-62 ma, sannan ba Tarayyar Sobiyet kaɗai ta ƙera T-55 ba, Folan da Cekoslobakiya su ma sun yi kuma kowane kamfani da ɗan nasa bambanci. Shi ya sa in mutum ya ce min "zan yi T-55 ta Libiya" nakan tambaye shi wacce daga ciki.

Nemi hoto ɗaya kafin ka buɗe gam

Wanga shi ne aikin gaba ɗaya, sauran duk hannu ne. Ka zauna da wayarka ka nemi hotunan Fada da Wadi Dum na 1987, ka rubuta sunayen da faransanci ma don ƴan jaridar Faransa sun ɗauki da yawa. Ka zaɓi tanka guda wadda ta fito sosai, in da hali wadda aka ɗauka ta gefe biyu, ka kai ma masu fotokofi su fidda maka ita babba ka liƙa gabanka. Daga nan duk abin da za ka manna ka tambayi hoton, duk abin da za ka cire ka tambayi hoton. Abin da ke ɓata ma yawancin masu farawa aiki shi ne su ɗauko jarka daga hoton Iraƙi, buhun yashi daga na Siriya, lamba daga na Masar su tara kan tanka ɗaya, ko wanne da kansa gaskiya ne amma haɗinsu bai taɓa faruwa ba.

Sannan ka yanke shawara kan lokaci, don tankoki uku ne daban. Akwai wadda ke aiki hannun Libiyawa kafin hari. Akwai wadda aka kama lafiyarta lau an bar ta murafu buɗe. Akwai kuma irin wadda kawunka ya gani bayan shekaru, ƙonanniya ko rabinta cikin rairayi, an kwashe duk abin da ke kwasuwa. Ni shawarata ga mai farawa ta biyun, saboda ita aka fi ɗauka hoto kuma ba ta buƙatar ka ƙera cikin tanka, murfi ɗaya a ɗan ɗage ya isa. Ta ukun tana da daɗin kallo amma aiki ne babba, ka bar ta sai kwali na gaba.

Af, kuma kar sha'awa ta kai ka bakin barikin soja da waya wai za ka ɗauki motar yaƙi don kwatance. A halin da ƙasa ke ciki yanzu ba wanda zai tsaya jin bayanin tankar roba. Intanet ta ishe ka.

Wace iri ce a hoton naka

Fara da tayoyi. Biyar ne kowane gefe, kuma a T-54 da T-55 akwai babban giɓi tsakanin ta farko da ta biyu. In ka ga giɓin ya koma baya, tsakanin ta uku da ta huɗu da kuma ta huɗu da ta biyar, T-62 ce, ka canja hoto don kwalinka ba zai zama ita ba ko mi ka yi. Igwa ma tana faɗa, ta T-55 milimita 100 ce kuma kumburin nan na fidda hayaƙi yana can bakin ƙarshe, ta T-62 milimita 115 kumburinta ya dawo baya sosai.

In ta tsallake wannan sai ka hau saman kai mai juyawa. T-54 tana da wani ɗan tulluwa na shan iska gaban murfin mai ɗura harsashi, T-55 ba ta da shi. In hotonka na da shi za ka iya ƙera shi da mastik na masu fentin mota, amma ka sani akwai wasu ƙananan bambance-bambance da za su biyo baya, gara ka nemi T-55 zalla. Tsakanin T-55 da aka fara ƙerawa a 1958 da T-55A da ta biyo baya kuma, ita A an ƙara mata shafin kariya daga tururin nukiliya, shi ya sa murafunta suka yi kauri suka kumbura kuma an rufe gindinsu, sannan an cire ƴar bindigar da ke cikin ƙirjin tanka. Ke nan in tankar hotonka T-55 ce marar A, aikinka ka goge kaurin nan na murafu da sanfefa a hankali, ka fito da kawunan kusoshin da ke kewaye da gindin murfi, ka huda ɗan rami a ƙirji inda bakin bindigar yake. Ramin bai kai kan allura biyu ba amma masu sani shi suke fara dubawa.

Babbar bindigar kakkaɓo jirgi ta DShK, mai milimita 12.7, kar ka manna ta don kawai tana cikin kwali kuma tana da kyau. T-54 na da ita, T-55 na farko an cire musu, sai wajen 1970 aka maido ta, kuma zamanta yana sake fasalin murfin mai ɗura harsashi gaba ɗaya. A tankar da aka kama ma sau da yawa mazauninta kawai za ka gani don bindiga irin wagga ba ta kwana, motar Toyota na jiranta. In kuma ka hangi babban akwati mai kusurwa huɗu liƙe a gefen hagu na kai, wannan alamar ƙirar Folan ce, za ka iya yanka shi daga tsohon katin roba.

Abin da za ka cire ya fi abin da za ka ƙara

Mutane sun ɗauka gyara ƙari ne. Dubi bayan tankar. Kwali ya ba ka duro biyu na mai masu lita 200, da gungumen icce na fidda tanka daga caɓi, da bututun shaƙar iska na tsallake ruwa. Duron nan ba a haɗe suke da inji ba, na doguwar tafiya ne kuma ana sauke su kafin faɗa, saboda haka tankar da aka kama a fagen daga sau da yawa maƙalansu kawai suka rage. Gungumen da bututun su ma ka duba, in babu su a hoto ka bar su cikin kwali ka yi maɗauran wofi da siririn gwangwani. Takardun lambobi da tutocin da suka zo ciki na ƙasashen Turai ta gabas ne, ka ajiye su. In tankarka na da lamba ko rubutu ka kwaikwaye shi da siririn burushi yadda yake, da karkacewarsa, don hannu ne ya rubuta na asalin.

Yanzu lissafi guda da za ka haddace: milimita ɗaya a hannunka santimita uku da rabi ne a tankar gaske. Mutum mai tsawon mita 1.75 santimita 5 ne. Da wanga lissafin za ka gane inda roba ta yi ƙarya. Fiffiken ƙarfen da ke bisa sarƙa, wadda tanka ke tafiya a kanta, a gaske falle ne siriri da ke lanƙwashewa in ya bugi dutse, a roba kuma kaurinsa ya kusa milimita guda saboda injin zubi ba ya iya fidda abin da ya fi haka siranta, ke nan kamar ƙarfe mai kaurin yatsu biyu. Maganinsa ka kankare gefen daga ciki da reza har ya fara nuna haske in ka ɗaga shi, ko ka yanke gaban ka maye shi da gwangwanin lemo. Gwangwanin ka yanke sama da ƙasa, ka buɗe shi, ka murza shi da bayan cokali bisa gilashi har ya kwanta, ka goge fentinsa da sanfefa don sufa-gulu ya kama. Shi in ka lanƙwasa shi da ɗan filaya lanƙwasar ƙarfe yake yi ta gaske, roba ko ka gasa ta narkewa take nunawa.

Hannuwan riƙo da ke jikin kai ka yanke na roba ka sa waya mai rabin milimita. Je wajen masu naɗa wayar fanka da injin ban ruwa, guntayen jan ƙarfe da suke zubarwa kala-kala ne kuma kyauta za su ba ka, in ka gaya musu abin da za ka yi har dariya za su yi maka su ƙara. Ka huda gurbin da allura da ka ɗaura ma icce, ka lanƙwasa wayoyin duka bisa abu ɗaya don su zo daidai da juna. Yaran unguwa masu ƙera motar waya sun fi mu iya wanga ɓangaren.

Wurin da na fi son ka daɗe shi ne fiffiken dama. Nan tankunan mai na waje suke kwance, kuma su a haɗe suke da inji ta siraran bututai da ke bi ta sama a fili kowa na gani. Kwalaye da yawa ba su kawo bututan ga, in naka babu ka yi su da waya mai laushi, ka nemi hotunan T-55 na gidajen tarihi da aka ɗauka daga sama ka bi hanyarsu ɗaya bayan ɗaya, kar ka ƙirƙira. Mahaɗin tiyo kuma guntun rigar wayar abin sauraro ne, ka yanka milimita biyu ka zura. Wanga gyaran kaɗai yana ɗaga aikin fiye da duk kayan da za ka saya da kuɗɗi. Igiyar jan tanka ita ma in zare aka ba ka gashi zai tashi bayan fenti, ka murɗe siraran wayoyi da yawa, kai ɗaya a ƙusa ɗayan a hannunka kana juyawa, sai ta fito da saƙar ƙarfe.

Sarƙa. T-55 ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama, nauyinta ke sa ta sauko daga taya mai haƙora ta baya ta kwanta kan manyan tayoyi sannan ta sake hawa gaba. Sarƙar roba mai laushi ba ta da nauyi, miƙewa take yi tsaye a iska, kuma daga ƙofar ɗaki ake ganin wanga kuskuren. Ka manna ta kan tayoyin tsakiya da sufa-gulu, ka cusa nannaɗaɗɗen kwali tsakaninta da fiffike ya danne ta har ta bushe. Kamfanonin MiniArt da Takom suna yin T-55 masu sarƙa ɗaiɗai, in wanka zai sake aiko wani abu ka ce masa su, amma ga na farko wagga dabarar ta wadatar. Ka ɗan gutsure robar bakin tayoyi da reza nan da can, duwatsun Ennedi ba su bar taya lafiya.

Kan tankar ƙarfen zubi ne, jikin kuma faranti ne da aka haɗa da walda, bai kamata su yi santsi iri ɗaya ba. Ka dama ɗan mastik na masu fentin mota da tina kaɗan, ka ɗiɗɗiga shi a kan da tsohon burushi mai tauri, in ya bushe ka shafe shi sama-sama da sanfefa. Ka gwada kan sandunan robar da kayan suka zo liƙe a jiki tukuna don tina na cin roba, kuma ka yi a tsakar gida ba cikin ɗaki rufe ba. Sandunan nan kar ka yar, in ka gasa guda bisa kyandir ka ja za ta zama zare, shi ne eriya, shi ne layin walda in ka kwantar da shi ka jiƙa da gam ka daddanna da bakin reza. Bakin igwa ka tabbata rami ne, kusan milimita uku, kuma layin haɗin tsawonta ya ɓace kwata-kwata.

Fenti, ƙura da zancen tsatsa

Launin rairayi ne za ka nufa, amma ka zuba ido kan wuraren da fenti ya ɓare a hoton. In kore ne ke leƙowa ƙasa to ka fara shafa kore irin na kamfani sannan ruwan ƙasa a sama, ɓarewar kuma ka yi ta da guntun soson katifa, ka tsoma ka goge kusan duka a takarda sannan ka taɓa bakin murafu da inda takalma ke takawa. Kaɗan. Ba ka buƙatar injin feshi, fenti mai ruwa-ruwa shafi uku ya fi mai kauri shafi ɗaya.

Tsatsa ita ce jarabar masu kallon YouTube, don yawancin masu bidiyon tankokin ƙasashen damina da laka suke yi. Yankin Faya, can arewacin Cadi, akwai shekarar da ko ɗigon ruwa ba a gani, tankar da ke aiki can ba ta da zirin tsatsa mai gangarowa. Sarƙarta ma rairayi goge ta yake har ta yi sheƙi, saboda haka fensir za ka murza kan haƙoranta da inda take taɓa ƙasa. Abin da ke ɓata ta shi ne hayaƙi da mai. Salansar T-55 a gefen hagu take bisa fiffike, ka daka gawayi ka shafa baƙin nan da busasshen burushi yana bajewa baya, a dama kuma tabon gazuwal kewaye da murafun tankuna wanda ƙura ta manne ma ta yi duhu. Tsatsa ja sai tankar da ta ƙone, inda wuta ta cinye fenti, ita kuma tayoyinta babu roba sai farar toka a ƙasa.

Ƙura kam Allah ya hore mana. Amma kar ka kwaso rairayin Gulbi ka zuba yadda yake, ƙwaya mai rabin milimita tsakuwa ce ta kusan santimita biyu a ma'auninka. Ka tankaɗe shi da tsohon ɗankwali mai laushi, garin da ya wuce shi za ka yi aiki da shi, ko ma ka share wadda ke taruwa bisa tagogi lokacin hunturu. In Fada kake yi ka haɗa da ɗan jan ƙasa don duwatsun can ja-ja ne. Ka sa ta inda iska ke tara ta, lungunan fiffike, bayan akwatuna, cikin tayoyi, ka ɗiga farin gam na kafinta da ka tsinka da ruwa sosai ya riƙe ta. Ita ƙurar kuma maƙiyiyarka ce ranar fenti, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka yi da sassafe, da ka gama ka kife roba a kai. Cikin bazara kar ka bar tankar a ɗakin kwano kusa da taga, zafin Afrilu yana karkata igwar roba.

Wasu ƴan'uwa ba su son sa mutum-mutumin soja, ni ma ban cika sawa ba. Ba dole ba ne, bargon da aka yi da takardar tishu da farin gam an yar bisa murfin inji ya isa ya nuna mutane sun bar wurin da sauri, in dai akwai irinsa a hoton.

Inda hoto ke tsayawa

Ko ka yi duk waɗanga akwai iyaka. Hoto gefe ɗaya ko biyu yake nunawa, saman inji da ɗayan ɓangaren sai dai ka cike su daga wata tanka ta wuri ɗaya da shekara ɗaya, kuma in babu shaida ka bar su yadda kamfani ya ƙera ya fi ka ƙara abin da ka ga dama. Launi ma haka, hotunan 1987 na fim ne, sun koɗe, rana ta hamada tana wanke kala, kuma wayarka da tawa ba su nuna shi iri ɗaya, don haka duk wanda ya ce maka ga ainihin lambar fentin ka saurare shi da kunne ɗaya. Bambancin saman inji tsakanin ƙirar Sobiyet da ta Cekoslobakiya kuma gyara ne da ya fi ƙarfin reza da gwangwani ga mai farawa, in hotonka ya nuna ita ce, ko ka haƙura da ɓangaren ko ka jira kwalin da aka yi dominta.

In ka samu hoton ka turo min shi kafin ka yanke ko guntu ɗaya daga sandunan, mu ƙirga tayoyi mu duba murafu tare. Ka kuma tambayi kawunka ta wace hanya ya bi da kuma shekarar, wataƙila wadda ya gani tana cikin waɗanda aka ɗauka hoto.